Mazauna Bakin Ƙofar Majami'armu

A majami'ar da na tashi a cikinta, masu zuwa sujada sun fi masu baftisma yawa nesa ba kusa ba, kuma ban taɓa jin hakan ya hana kowa barci ba. Ƙaramin ɗaki ne na ƙasa mai rufin ciyawa, a wani ƙauye da ke gefen Unguwar Ya a ƙasar Birnin Kudu. Lokacin muna cikin Jihar Kano, domin Jigawa sai a 1991 aka ƙirƙiro ta. Mai neman asibiti sai ya nufi Birnin Kudu, mai neman babbar kasuwa kuma ya bi ta Sara a ƙasar Gwaram. Yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne, rijiyarmu ɗaya, gayyar noma tare, suna da jana'iza ba a ware kowa. Sauran kuwa irin gidanmu ne, waɗanda kakanninsu suka riƙe addinin gargajiya, wasu Maguzawa, wasu Warjawa masu dangi a ƙasar Ningi.

Ranar Lahadi, in ka leƙa, za ka ga masu baftisma a gaba, 'yan ajin baftisma a bayansu. Amma taron da ya fi ɗaukar hankalina ina yaro shi ne na waje, gindin darbejiyar da ke kusa da taga. Nan tsofaffi suke zama, da magidantan da ba su yanke shawara ba, da matan da suka ce rakiya kawai suka yo. Wani ya shekara yana zuwa bai taɓa tsallaka dokin ƙofa ba. Ba mai ce masa ya shigo dole, ba mai ce masa ya tashi. Mai bishararmu, wanda kowa yake kira Malam, yakan ɗaga murya in yana wa'azi, ya ɗan juya wajen taga, kowa kuwa ya san don su wa yake yi.

Malam ba fasto ba ne. Ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa, aka turo shi da matarsa da keke ɗaya. Noma yake yi kamar kowa, da damina hannunsa kanta ne. Sai da na girma na gane inda ya samo wannan hali nasa, domin bisharar kanta ta daɗe a bakin ƙofa kafin ta shigo ƙasarmu. A 1900 ayarin 'yan mishan na Bishop Tugwell, da Likita Miller a cikinsu, suka isa Kano, Sarki Aliyu Babba ya sallame su. Da Turawan mulki suka zo, su ma suka taƙaita shigar mishan masarautun Musulmi, sai a shekarun 1930 aikin jinyar kutare ya buɗe hanya a wurare irin su Yadakunya. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, asibitin ido na mishan ɗin SIM a Kano ya zo a 1943, ga tashoshi irin su Roni da Garun Gabas, ikilisiyar ECWA kuma ta tsaya da ƙafarta a 1954. Waɗanda suka koyar da su Malam mutane ne da suka san jira na shekara 30. Wanda aka rena a irin wannan gida ba ya firgita don tsohuwa ta yi shekara biyu tana tunani.

Akwai labarin da yake yawan ba mu da dare, a hasken fitilar ƙwai, na Isawa. Wani Malam Ibrahim ne a Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, ya zurfafa bincike a kan Annabi Isa har abin ya kai ga kashe shi. Almajiransa suka watse, da yawa suka yo wajen Ningi, maƙwabtanmu ke nan ta kudu. Ba su da fasto, ba su da Linjila a hannu, sai ƙishirwa da suka gadar wa 'ya'yansu. Sai wajen 1913 wasu daga zuriyarsu suka sadu da Miller a Zariya, har aka kafa musu zama a Gimi. In ya kai nan sai Malam ya dube mu ya ce, "To, Ubangiji ya jira waɗannan tun daga uba har jika. Ni wane ne da zan sa wa mutum wa'adin wata uku?"

Kakata, mahaifiyar babana, tana cikin 'yan gindin darbejiya. Babana ya riga ta ba da gaskiya, abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta ce ya juya wa kakanninsa baya, ta daɗe ba ta cin abincin ɗakin innata. Abin da ya fara jawo ta waƙa ce. Shekarun nan 'yan Sabon Rai Don Kowa suna zagaya ƙauyuka da ganga da kacau-kacau, mu yara muka haddace waƙoƙinsu muna yi a tsakar gida. Wata Lahadi sai ga ta da ƙwaryar auduga da mazari, ta zauna a inuwa tana kaɗi, wai jikokinta ta zo ji. Layarta tana wuya, kambunta yana dantse, tukunyar tsafin gida kuwa tana ɗakinta, kowa ya sani.

Matan zumunta ba su ji daɗi ba. Na tuna wata uwa cikinsu, mace mai himma da tsoron Allah, ta tari Malam bayan sujada ta ce, "Malam, tsohuwar nan fa tana kawo mana kayan duhu har jikin ɗakin Ubangiji. A ce ta cire, ko ta zauna a gida." Malam ya saurare ta har ta gama. Sa'an nan ya ce, "Mama, a gonarki akwai gero, akwai dawa. Rana ɗaya kika shuka su, ruwa ɗaya suka sha. Da kika girbe gero, kin sa lauje kin sare dawar don ta ƙi nuna tare da shi?" Ta yi shiru. Ya ce, "Ki bar ta ta sha raɓa. Layar da muka tsinke da hannunmu za ta koma ta ɗaura wata a ɓoye. Wadda ta cire da kanta ba ta komawa."

Yakan zo gidanmu da yamma, ya durƙusa har ƙasa a ƙofar ɗakinta kamar ɗan da ta haifa. "Iya, kin wuni lafiya? Ya ƙafar?" Sau da yawa hirar ba ta wuce ƙafa da farashin gishiri da maganar ruwan sama. Shekarar farin 1973 tare suka yi ta jimami, shi ma rumbunsa wayam. Bai taɓa ɗaura mata taimako da sharaɗi ba, ba shi ma da abin ɗaurawa.

Wata rana ta yi masa tambayar da take cinta tun farko. Ina zaune kusa ina ɓare gyaɗa. Ta ce, "Ɗan nan, in na bi hanyar nan taku, ina mijina? Ina uwata? Sun mutu ba su ji ko sunan wannan Yesu ba. In bar su in tafi wani wuri ni kaɗai?" Na sha jin masu wa'azi daga baya suna amsa irin wannan tambaya cikin sauri, wasu da barazana, wasu da alkawarin da ba a aike su da shi ba. Malam ya daɗe kansa a sunkuye. Ya ce, "Iya, Allah mai adalci ne, ya kuma fi ki ƙaunarsu, don shi ya yi su. Ba zai zalunce su ba. Abin da bai bayyana mini ba, ba zan ƙirƙira miki ba. Abin da na sani shi ne ke kin ji, kuma yana kiranki." Ba ta ce komai ba, shi ma bai ƙara ba. Ya yi mata sai da safe ya hau kekensa. Har yau ina ganin wannan amsa ita ce ta riƙe ta. Tsohuwa ce da ta san ƙarya in ta ji ta, kuma da ya yi mata ƙarya don ya samu rai guda a lissafi, da ranar ce ƙarshen zamanta gindin darbejiya.

Ina aji na tsakiya a firamare, cikin yaran da shirin ilimi kyauta na 1976 ya kwasa, ta aika a kira mata Malam da dattawa biyu. Ta fito da tukunyar da kanta, ta kwance layar, ta ce su san yadda za su yi da su. Ba a tara jama'a ba, ba a yi gangami ba. Wani cikin dattawan ya so a ƙone kayan a dandali don ya zama shaida, Malam ya ce a'a, tsohuwar tana da 'yan'uwa masu bin wannan hanya har yanzu, kada a mai da tubanta zagi gare su.

Sai kuma aka zo ajin baftisma, nan ma aka yi ta fama. Kaka ba ta karatu, kanta kuma ba ya riƙe hadda. An yi ta maimaita mata Dokoki Goma, ta kama bakwai ta saki uku, gobe ta kama ukun ta saki wasu. Ranar gwaji wani dattijo ya ce ba ta isa ba tukuna. Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, a kira surukarta a tambaye ta." Aka kira innata. Ta ce matar da ta ƙi cin tuwonta ita ce yanzu take tashi da asuba ta kama mata surfe, ta kuma nemi gafararta da bakinta. Dattijon ya gyaɗa kai. Aka yi mata baftisma a rafi bayan girbi. Da na yi karatun tarihin ikilisiya daga baya, na tarar wani tsohon tsari na wajen ƙarni na 3, wanda ake dangantawa da Hifolitus na Roma, ya sa masu neman baftisma su yi shekara 3 suna koyo, amma ya ce halin mutum za a duba, ba yawan kwanaki ba. Malam bai san sunan Hifolitus ba, hanyarsu dai ɗaya.

Ba duka labaran ne suka ƙare da daɗi haka ba. Baffana, yayan babana, mata biyu bishara ta tarar da shi da su, da 'ya'ya a kowane ɗaki. Dokar yawancin ikilisiyoyin da mishan suka kafa a wancan zamani ita ce mai mace fiye da ɗaya ba a yi masa baftisma, ba ya cin jibin Ubangiji. Tsohuwar doka ce. Taron bishop-bishop na Anglikan a Lambeth ya tsayar da irinta a 1888, kuma sai a 1988, bayan shekara 100 cif, suka yarda a yi wa irin wannan mutum baftisma bisa sharuɗɗa. A wasu ƙauyuka maza sun sallami matansu na biyu don su samu shiga ruwa, matan suka koma gidajen iyayensu da ɗacin rai, 'ya'yansu kuwa suka tashi suna ganin majami'a ita ce ta raba su da ubansu. Na san irin waɗannan 'ya'ya, yau sun yi furfura, har yanzu ba sa son jin ƙarar ƙararrawa.

Baffa ya je wa Malam da shawarar ya saki amaryarsa. Malam ya ce, "Yaya, wane laifi ta yi maka? Da alkawari ka ɗauko ta a gidan ubanta. Ba ni da ikon sauya doka, ba zan kuma ce maka akwai baftisma yanzu ba. Amma kada ka yi zalunci ka ce don Yesu ka yi." Haka Baffa ya zauna. Shi ne mai share majami'a, shi ne mai gyaran jinka kafin damina, zakkar amfanin gonarsa ba ta makara. Ranar jibi in an zo rarraba gurasa, faranti ya wuce ta gabansa. Sa'an nan bayan an tashi Malam ya bi shi har gida su ci tuwo a akushi ɗaya, kowane wata ba fashi. Matansa biyu da 'ya'yansu duka sun tashi cikin bangaskiya. Shi kuwa sai da uwargidansa ta rasu, ya tsufa tukuf, aka yi masa baftisma.

A ganina dokar nan ta yi tsanani ga wanda ya yi aurensa kafin ya ji bishara, na kuma yi murna da ikilisiyoyin da suka sake duba ta. Amma abin da na gani da idona shi ne mutum ɗaya mai haƙuri ya iya riƙe gida guda cikin doka mai wuya, ba tare da ya karya dokar ba, ba tare da ya karya mutanen ba. Shi ma Baffa haƙurin ya yi da ikilisiya, wannan kuwa ba a cika faɗa ba. Sabon mai bi yakan jure mana abubuwa da yawa da ba mu lura ba.

Akwai kuma masu zuwa da dare. Ɗaya na fi tunawa, saurayi mai karatu, ɗan gidan mutunci, yakan zo bayan gari ya yi tsit ya zauna da Malam a zaure. Mu yara an gargaɗe mu, wanda ya faɗi wanda ya gani zai sha bulala. Malam yakan tuna wa dattawa cewa Nikodimu ma da dare ya je, ba a kuwa kore shi ba, ba a tona shi ba. Saurayin nan ya yi ta tambayoyi, ya karanta Linjila daga farko har ƙarshe, daga bisani ya ce wa Malam shi dai zai tsaya a addinin iyayensa. Malam bai canza masa fuska ba. Ranar sunan ɗan saurayin na fari da Malam aka ci goro, ranar da Malam ya kwanta ciwo kuma mutumin nan ne ya nemo motar da ta kai shi Birnin Kudu. Wannan ya koya mini cewa kirkin Malam ba tarko ba ne. Da a ce yana gaisuwa da ziyara ne don kamu kawai, da ranar da aka ce masa a'a zumuncin ya mutu. Mutanen ƙauye kuwa suna gane bambancin, shi ya sa ba a jin tsoron zaurensa.

Masu faɗuwa ma ba a rasa ba. Giya ita ce babbar jarabar gidajen da suka fito daga gargajiya, domin da ita ake biki, da ita ake gayya, da ita ake makoki. Wani matashi da aka yi wa baftisma aka tsince shi a buge ranar kasuwa. An yi masa horo, ya koma bencin baya, an hana shi jibi na wani lokaci. Malam bai hana horon ba, ba ya wasa da zunubi. Amma duk mako yana gonar yaron, su yi noma tare, su yi addu'a a kan kunya. Yakan ce wa dattawa Bulus ya taɓa ƙin tafiya da Markus don ya gudu daga aiki, Barnaba ya ɗauke shi, daga baya Bulus da kansa ya aika a kawo masa Markus don yana da amfani. Yaron ya sake faɗuwa, aka sake ɗaga shi. Da na koma gida bayan shekaru na tarar shi ne mai koyar da ajin baftisma.

Yanzu zamana a birni ne, abin da nake gani kuma yana damuna. Ana shirya babban taron wa'azi da lasifika da fitilu, a ce wanda ya karɓi Yesu ya ɗaga hannu, a ƙirga, a rubuta rahoto. Bayan mako biyu ka tambayi ina mutanen, ba wanda ya san ƙofar gidan ko ɗaya. Wanda ya yi ƙarfin hali ya zo sujada da ƙafarsa kuma, tun daga bakin ƙofa ake fara auna shi. Yarinya ta zo ba ɗankwali, mai tsaron ƙofa ya mayar da ita. Mutum ya yi addu'a da kalmomin da ya saba da su tun yarinta, a yi ta zunɗe. Ya yi tambaya mai nauyi a ajin nazari, a ce masa shakka daga Shaiɗan take, alhali Toma ya yi shakka a tsakiyar manzanni, aka bar shi cikinsu har mako ya zagayo ya gani da idonsa. Mu da aka haifa cikin bangaskiya mun manta cewa abin da muka sha a nono, wani da jini da hawaye yake koyonsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne waya. Mutum ya ba da gaskiya jiya, yau an miƙa masa makirufo ya ba da shaida, wani ya ɗauka ya sa a Facebook, kafin dare ya zagaya WhatsApp ya isa wayar ƙanin babansa. Mai ɗaukar ya samu yabo ya koma gida ya yi barci. Shi kuwa sabon tuban ya rasa ɗakin kwana, wataƙila da mata da 'ya'ya, wani lokaci har ransa yana cikin haɗari. Duk wanda ya san Arewa ya san ba ƙari na yi ba. Lokacin da mutum zai faɗa wa danginsa, da yadda zai faɗa, nasa ne shi da Ubangijinsa. Namu shi ne mu tsaya kusa, mu rufa asiri, mu taya shi neman hanyar da zai ci gaba da girmama iyayensa.

Ya ku fastoci da dattawan ikilisiya, da ku iyayenmu mata na zumunta, roƙona gare ku ke nan. Duk sabon mai bi a haɗa shi da gida guda da zai riƙa cin abinci a ciki, da mutum guda da zai iya buga wa ƙofa da tsakar dare. Kada a ɗauki hotonsa, kada a sa shi gaban jama'a sai ya nema da kansa, ya kuma san abin da zai biyo baya. A bar ajin baftisma ya ɗauki lokacin da mutumin yake bukata, a tambayi mutanen gidansa halinsa kafin a tambaye shi hadda. Mai tambaya a amsa masa da gaskiya, inda ba ku da amsa ku ce ba ku da ita. Wanda kuma ya saurara ya ce a'a, ku ci gaba da zuwa sunan 'ya'yansa.